Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ma'aikatar Al'adu ta Nijar Kan Cibiyar Kiɗa ta Alhaji Taya

Zuwa ga Mai girma Minista da manyan jami'an ma'aikatar da ke kula da al'adu, Yamai.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne a kan cibiyar horar da makaɗa da bunƙasa kiɗa ta Yamai, wadda aka fi sani da CFPM, mai ɗauke da sunan marigayi Alhaji Taya. Buƙatata guda ce, kuma gara in faɗe ta tun yanzu kada ta ɓace cikin dogon zance. A ɗaga wannan cibiya ta zama babbar makarantar kiɗa mai ba da shaidar karatu mai zurfi, ko da kanta ko a ƙarƙashin jami'a, sannan a ɗauki gwanayen kiɗanmu na gargajiya su zama malamai a cikinta, da albashi da muƙami, ko da ba su taɓa zama a bencin lakwal ba. Na rubuta da Hausa don tun watan Maris na 2025 doka ta ce ita ce harshen ƙasa, kuma mutanen da nake magana a kansu da yawansu sai an karanta musu, to gara a karanta musu da harshen da suke ji.

Waɗanda suka girme ni za su tuna yadda abin yake kafin a kafa cibiyar. A zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, kiɗa da waƙa na hannun Samariya da bukin matasa na ƙasa. Kowace jiha ta shirya ƙungiyarta, a haɗu a yi gasa, a rera waƙoƙin haɗin kai da na aikin gayya, a raba kyaututtuka. An samu muryoyi masu daɗi a lokacin, ba mai musu. Sai dai ana gama buki ake watsewa, kowa ya koma gonarsa ko shagonsa sai baɗi. Mai jita kuwa da kunne yake koyo, daga faifan Kwango da Kuba da Mali da yake ji a rediyo. Kai, har taken ƙasarmu na farko, na 1961, Faransawa ne suka tsara kalmominsa da kiɗansa, muka yi ta rera shi sai a 2023 aka sauya.

A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu, ta fito da masu kiɗan zamani fili, ta kuma nuna cewa baiwa na nan, horo ne babu. Sai a 1989 aka kafa cibiyar da tallafin asusun raya ƙasashe na Turai, aka kuma sa mata sunan Alhaji Taya, ɗaya daga cikin waɗanda suka share hanyar kiɗan zamani a Yamai. Mahaman Garba, masanin da ya yi digirinsa na uku a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar, shi ya jagorance ta. Aikin da aka ɗora mata a bayyane yake: ta horar da makaɗa, ta fitar da su duniya ta san su, ta kuma shiga ƙauyuka ta binciko kiɗan gargajiya da kayansa ta adana. Ɗakin ajiye kayan kiɗa da ke cikinta daga wannan aiki na uku ya samo asali.

Kuma ta yi abin a zo a gani a shekarunta na farko. A cikinta ƙungiyar Takeda ta tashi, kuma sunayen da aka riƙa ji a shekarun 1990, irin su Sa'adu Bori na Maraɗi da Moussa Poussy da Adams Junior da Fati Mariko, duk suna da alaƙa da wannan yunƙuri. Yacouba Moumouni mai sarewa da Abdoulaye Alhassane, waɗanda suka kafa Mamar Kassey a 1995, ta nan suka bi. Abin da ya bambanta wannan zamani da na baya shi ne an daina jin kunyar zaunar da mai molo ko mai kalangu kusa da mai jita a dandamali ɗaya. Duk wanda ya ji sarewar Yacouba a kan ƙwarya da jita ya san ba kwaikwayon kowa ba ne. Na tsaya a kan wannan tarihi don kada wani ya zaci ina neman a shigo da sabon abu daga waje. Tushen yana nan, shekara talatin da wani abu ke nan.

Labarin biram ne ya sa na kasa yin shiru. Biram kayan kiɗa ne na Buduma, masuntan tafkin Cadi, mai tsarkiya biyar, jikinsa kamar kwalekwale. A farkon shekarun 2000 an wayi gari mutum ɗaya ne aka sani da ya rage cikin gwanayensa, dattijo Bukar Tar. Malam Mamman Barka, ɗan Tubawa haifaffen Tasker, malamin makaranta kuma shahararren mai gurmi, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi bakin tafki ya zauna gaban dattijon ya koya. Bayan 'yan shekaru Bukar Tar ya rasu. Barka ya ɗauki biram ya kai shi har bukin WOMAD na Ingila a 2008, sannan shi ma Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamban 2018. Ana ba da wannan labari kamar na nasara, kuma nasara ce. Ni dai tsoro yake ba ni. Da Barka ya makara da shekara biyar, ko da takardar tallafin ta kwana a teburin wani, shi ke nan. Kayan kiɗan al'umma guda ya rataya a kan sa'ar mutum ɗaya da kuɗin baƙi. Da a ce Bukar Tar malami ne mai albashi, da ɗalibai ko da huɗu a gabansa kowace shekara, da ba mu kai bakin wannan rami ba.

Biram ya yi suna ne don ya samu mai kai shi Turai. Akwai da yawa da ke tafiya shiru. A unguwarmu akwai wani dattijo mai haɗa goge, na sha zama kusa da shi yana aiki. Yakan juya ƙoƙo a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce yana saurare, ya ajiye ya ɗauki wani, sai ya tarar da wanda ya yi masa. Ya jiƙa fatar guza, ya ja ta a bakin ƙoƙon, ya kafe ta ya bari ta bushe. Izgar doki kuma sai ya zaɓe ta sili-sili, ya zubar da masu karyewa, ya goga ƙaro a jikin baka. Da damina, idan fatar ta yi sanyi murya ta mutu, sai ya ɗan kanga ta kusa da garwashi yana taɓawa da yatsa har ta dawo. Ban taɓa ganin ya auna komai da ma'auni ba, amma gogensa biyu ba sa saɓa wa juna. Ɗansa kabu-kabu yake yi, kuma ban ga laifinsa ba: babur na kawo cefane kullum, goge kuwa sai an yi sa'a. Masu buki yanzu yaro ɗaya suke ɗauka da piyano da kwamfuta da manyan lasifika, ya yi musu aikin mutum bakwai a kan kuɗin mutum biyu.

A da gida ne makarantar. Yaron gidan makaɗa yakan fara da ɗaukar ganga yana bin ubansa, daga nan a ba shi kanzagi ko kuntukuru ya riƙa tsare kiɗa, ya shiga cikin 'yan amshi, ya shekara goma yana ji kafin a bar shi ya yi jagora. A wannan bin ne yake haddace taken kowane basarake, da kirarin kowane gida, da sanin cewa dundufa ta maƙera ce, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma. Wannan makaranta ta gida ita ce ke rushewa, don sarakuna da attajiran da ke ciyar da ita ba sa iya ɗaukar nauyinta kamar da, 'ya'yan kuma sun kama wasu hanyoyi. Idan gida ya saki, ba wanda zai iya karɓa sai hukuma.

To amma wace irin makaranta? A nan ne nake roƙon ku yi hattara, ranku ya daɗe. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwafo tsarin makarantun kiɗa na Faransa, a cika jadawali da solfej, wato karatun rubutun kiɗa, da piyano da tarihin mawaƙan Turai, sannan a saka awa biyu a mako a kira su kiɗan gargajiya. Ba na ƙin solfej. Wanda ya iya karanta rubutun kiɗa zai zauna da makaɗan kowace ƙasa ya yi aiki, kuma 'yan badujalar soja ba su da makawa sai da shi. Sai dai goge ba ya tsayawa daidai inda maɓallan piyano suka tsaya, yana zamewa tsakaninsu, kuma a zamewar nan daɗinsa yake. Kalangu kuma magana yake yi. Makaɗi na matse shi a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, yana bin hawa da saukar kalmomin Hausa da tsawon wasulansu. Wanda bai san kirarin da ake faɗa ba, ko hannunsa ya fi na kowa sauri, surutu kawai yake. Saboda haka ba a raba darasin kalangu da darasin harshe da tarihin masarautu. Haka molon Zabarmawa yake tafiya da tarihin kakanni da jasare, maroƙansu, ke bayarwa, haka imzad, gogen matan Abzinawa, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gadon duniya a 2013, yake tafiya da waƙoƙin Tamashek. Kowane kiɗa a koyar da shi da harshensa. Kasancewar Hausa harshen ƙasa bai ba mu damar mu mayar da makarantar ta Hausawa kaɗai ba, kuma ni Bahaushe nake faɗa.

Babban cikas na san inda yake, a dokar ɗaukar ma'aikata. Ba a ba mutum aji a babbar makaranta sai ya nuna difilom. Sarkin makaɗan fada da ya shekara hamsin yana busa algaita ba shi da ko takardar gama firamare, don haka a idon doka bai cancanci koyar da algaita ba, amma yaron da ya rubuta kundin bincike a kansa ya cancanta. Abin da aka saba yi shi ne a gayyato dattijon rana ɗaya, ya yi wasa gaban ɗalibai, a tafa masa, a ba shi kuɗin mota. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun taɓa yin abin yabo: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. An kyauta. Amma digirin girmamawa riga ce da hula, ba aji ba ne, ba ɗalibai ba ne. Abin da nake nema a ƙirƙiro matsayi na musamman a doka, na gwani mai koyarwa, wanda kwamitin masana da na makaɗa 'yan uwansa za su tantance, a biya shi wata-wata, a kuma ɗora masa sharaɗin yaye almajirai. Japan na yin irin wannan tun shekarun 1950: gwamnati na zaɓar gwanayen sana'o'in gargajiya ta ba su kuɗi kowace shekara don su ci gaba da aikin su kuma horar da magada.

Ba sai mun je Japan ba ma. A Gana an buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a jami'ar Legon a 1962, zamanin Nkrumah, kuma Farfesa Kwabena Nketia da abokan aikinsa sun shigo da gwanayen ganga daga garuruwa suka koyar a cikin jami'a. A Mali, ƙawarmu a ƙawancen Sahel, an buɗe babbar makarantar fasaha ta Bamako a 2004, aka sa mata sunan Balla Fasseke Kuyate, maroƙin Sunjata, kuma marigayi Toumani Diabaté, wanda a gidan ubansa ya gaji kora, ya koyar a cikinta. Sudan ta buɗe tata a Khartum tun 1969. Ba mu fi su talauci a kiɗa ba.

Za a ce ƙasa na fama da matsalar tsaro, ga yunwa, ga azuzuwan zana, wa ke ta goge? Maganar na da nauyi, kuma ni mai koyarwa ne, na san abin da ajin zana yake nufi idan iskar hunturu ta taso. Amma a kwatanta albashin dattawa 'yan kaɗan da abin da ake kashewa a bukin kwana uku, rumfuna da masauki da man motoci. Kuma shi wannan aiki ba ya jira. Ginin aji idan an ɗaga shi zuwa baɗi za a same shi baɗi. Dattijo mai shekara tamanin ba wanda ya isa ya yi alkawarin haka a kansa. Yankunan da rikici ya fi taɓawa, Difa da Tilaberi, su ne kuma inda aka raba mutane da garuruwansu, aka daina bukukuwan da kiɗan ke rayuwa a cikinsu.

Za a kuma kawo maganar addini da ta roƙo. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, malamai sun daɗe suna da saɓani a kan kiɗa, na bar musu. Abin da na gani da idona shi ne ba a hawan Salla a Damagaram ba kakaki da tambari, ba a Biyanu a Agadas ba ganguna, kuma kokowar takobi, wadda ake yi tun 1975, ba ta tashi sai makaɗi ya zuga ɗan kokowa jikinsa ya ɗauki rawa. Hukuma da kanta na kiran makaɗa duk ranar da ta yi baƙo. Tunda ana amfani da su, a horar da su. Game da roƙo kuwa, abin da ke sa uba ya hana ɗansa taɓa ganga shi ne tsoron ya ƙare yana bin motocin masu kuɗi yana kirari. Mai shaidar karatu da albashi ba ya bukatar bin motar kowa. Ranar da aka ga malamin kalangu na karɓar albashi kamar malamin lissafi, da yawa cikin iyayen za su sauko. 'Yan mata ma a ba su gurbinsu da masaukin da iyaye za su yarda da shi, don shantu da kiɗan ƙwarya da tende, gangar turmi ta Abzinawa, da imzad a hannun mata suke.

Akwai masu cewa ai Bombino da Mdou Moctar sun zaga duniya ba tare da wata makaranta ba, Mdou ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Gaskiya ne, makaranta ba ta ƙera baiwa. Amma a duba su wa ke naɗar faifansu, su wa ke gyara sauti, su wa ke rubuta yarjejeniya, su wa ke tallata su. Yawanci kamfanonin Turai da Amurka ne, kuma can kaso mai tsoka ke tsayawa. Mamman Sani ya naɗi kiɗan organ ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka manta da shi, sai da wani ƙaramin kamfanin Amurka ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Babbar makarantar kiɗa ba mawaƙa kaɗai take yayewa ba. Tana yaye injiniyan sauti, da mai haɗa kayan kiɗa da gyaransu, da wanda ya san dokar haƙƙin mallaka, da malamin da zai koyar da yara a sakandare, da mai kula da ɗakin ajiya.

Shi ɗakin ajiyar nan ma magana ce mai zaman kanta. Gidan rediyon Muryar Sahel na da tsofaffin faifai, cibiyar binciken IRSH na da nata, CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da ke Yamai tun 1968, na da nata, ga kuma abin da masu bincike na Faransa suka naɗa a shekarun 1960 suka tafi da shi Faris. Zaren kaset ba ya shiri da zafi da ƙura irin namu. Ɗaliban makarantar su ne ya kamata su juye waɗannan zuwa kwamfuta a matsayin wani ɓangare na karatunsu, su zauna da dattawan su tambaye su wane ne ke waƙa a nan, wa ake yi wa, a wane buki, tun akwai masu iya ganewa. Muryar Ma'azu Ɗan Alalo ta Damagaram cike take da sunayen mutane da wurare waɗanda matasan yau ba za su iya warwarewa su kaɗai ba.

Abu na ƙarshe, kada a tattara komai a Yamai. Dattijon da ke Tasawa ko Gure ko Ingal ba zai bar iyalinsa ya je ya kama hayar ɗaki a babban birni ba, kuma ko ya je, an cire shi daga fada da kasuwa da filin da kiɗansa ke da ma'ana. Jami'o'i na nan a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, gidajen al'adu ma na nan. Ɗalibi ya yi karatun aji a Yamai, sannan a tura shi wata shida gaban gwani a garinsa, a lissafa wannan zama cikin makinsa.

Idan ba za a iya komai a bana ba, ga abin da ba ya bukatar gini ko tallafin waje: ku umarci daraktocin al'adu na jihohi takwas su rubuto sunayen gwanayen da suka rage, da kayan da kowanne ke kaɗawa, da shekarunsa, da ko yana da almajiri. A miƙa jerin ga cibiyar Alhaji Taya, a fara da waɗanda suka fi tsufa kuma ba su da magaji.

Allah ya taimake ku a kan aikin da aka ɗora muku. Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta, daga Maraɗi.